Abin da Bahaushe Yake Nufi Idan Ya Ce "Gida"

Ginin da babu kowa a cikinsa, ko da an yi masa rufi an sa ƙofa da tagogi, Bahaushe kango yake ce masa. In kuwa gari guda ne mutanensa suka watse suka bar rijiyoyi da tsofaffin katangu, sunansa kufai. Sai ranar da aka shigo da tabarma da buta, aka kafa murhu hayaƙi ya tashi, sannan kango yake samun sunan gida. Kowane yaro ya san wannan bambanci ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. Mu manya ne, masu rubutu a jarida da masu tsara birane, muka fara mance shi, har mukan ƙirga kangaye mu ce an gina gidaje kaza.

Gaisuwarmu ma shaida ce. In ka gamu da abokinka a kasuwa ka ce masa "Ina gida?" ko "Yaya mutan gida?", ya san ba lafiyar katanga da indararo kake tambaya ba. Matarsa kake gaidawa, wadda kunya ba za ta bari ka kama sunanta ba, da 'ya'yansa, da tsohuwarsa in tana raye, da duk wanda yake ci a tukunyarsa. Da za ku rabu ka ce "A gaida gida", shi kuma ya ce "Sa ji." Kai gida ɗaya ka ambata, shi kuwa da jam'i ya amsa maka, don ya san mutane kake nufi.

Wanda ya buɗe ƙamus, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, zai tarar da kalmar a wurinta: namiji ce, jam'inta gidaje. Amma ƙamus jera ma'anoni yake yi ɗaya bayan ɗaya. Yadda ma'anonin suka kama hannun juna, sai an shiga unguwa ake gani.

Ƙofa ɗaya, maigida ɗaya

A tsohon tsari da ƙofa ake ƙirga gida. Ko ɗakuna 40 ne a ciki, ko magidanta goma ne da matansu, muddin ta zaure ɗaya ake shiga, gida ɗaya ne, kuma maigida ɗaya gare shi. Sauran kowa da sashensa, wasu su ce wajensa: wajen Baffa, wajen Yaya. Polly Hill, Baturiyar nan da ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta zo Dorayi a farkon shekarun 1970, kuma daga cikin abin da ya fi jan hankalinta akwai manyan gidajen da 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa, kowa da iyalinsa, suke zaune a bayan ƙofa guda. Dorayi a lokacin karkara ce ta manoma. Yau birnin Kano ya haɗiye ta.

Zaure, ko soro kamar yadda Kanawa suka fi cewa, shi ne fuskar gida. A ƙauye zagayayyen ɗaki ne mai jinka. A birni ginin ƙasa ne da aka rufe da azara, in na mai hali ne a yi masa ɗaurin guga, a fitar da zankwaye a samansa, a ƙawata gabansa da zane. Maginan Zariya da na Damagaram sun yi suna a wannan aiki, har a tsakiyar ƙarnin da ya wuce an riƙa zana keke da mota a fuskar soraye don a san maigidan ya ga duniya. Ƙofofin zaure biyu ne, amma ba sa kallon juna. An goce ta cikin da gangan, don kada wanda yake tsaye a titi ya hango tsakar gida. Daga nan sai 'yar farfajiya, inda ɗakin samari yake, da turken doki in akwai. Sai shigifa, zaure na biyu, wadda na jiki kaɗai ke kaiwa gare ta. Bayanta ne cikin gida yake farawa: ɗakunan mata, turaka, madafi, rijiya, rumbu, can ƙurya kuma bayan gida.

Namiji baligi iyakarsa zaure. Ya tsaya ya yi sallama, yaro ya leƙo. "Maigidan na ciki?" "Yana nan." "Ka ce ana sallama da shi." Yaron ya ruga, jim kaɗan ya dawo: "Wai in ji wa?" Mace kuwa wucewa take yi kai tsaye, tana cewa "Gafaranku dai masu gida." A jikin bango sau da yawa za ka ga an rubuta "Ba a shiga" da gawayi ko da fenti. Tushen abin a addini yake, domin aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, sun kuma ce in aka ce a koma a koma. Abin da Bahaushe ya yi shi ne ya gina wa wannan umarni ɗaki na musamman.

Sai dai masu ɗaukar zaure a matsayin shinge kawai rabin labarin suka sani, kuma rabin da suka bari shi ne mafi muhimmanci a wurina. Zaure shi ne rabon da maigida ya fitar wa jama'a daga cikin gidansa. A nan alaramma yake zaunar da ɗalibansa da allunansu. A nan maɗinki da baduku da masaƙi suke sana'a, mai wucewa ya tsaya a taɓa hira. Da magariba magidantan layi su fito da kwanukan tuwo a yi ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ya ƙoshi ba tare da kowa ya sani ba, ko a sani a yi kamar ba a sani ba. Matafiyin da dare ya yi masa a garin da bai san kowa ba, zaure yake nema, a ba shi tabarma da ruwa, a leƙo masa da abin da ya samu. A zaure ake raba goron suna da sassafe, a nan ake ɗaurin aure, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. In maƙwabta suka saɓa a kan iyakar gona ko a kan faɗan yara, a zauren dattijon unguwa ake kashe wutar kafin ta kai ga alƙali. Har zancen saurayi da budurwa a nan ake yinsa, inda ba a ciki suke ba, ba kuma a ɓoye ba. Mutumin da yake da zaure ba zai iya cewa bai san halin da unguwarsa take ciki ba, don unguwar tana shigo masa kullum.

Gida na namiji, ɗaki na mace

Akwai wani rabo da harshe ya yi wanda ya kamata a tsaya a kansa. Miji shi ne maigida. Mata kuwa mai ɗaki ce: "mai ɗakina", "mai ɗakinsa". Kayan da iyayenta suka yi mata kayan ɗaki ne. In aure ya yi tsami aka sasanta, sai a ce ta koma ɗakinta. 'Ya'yan da suka haɗa uwa 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma kowa ya san zumuncinsu ya fi na 'yan uba danƙo. Babbar macen da ta ɗauki wata a ƙarƙashinta tana taimakonta, uwar ɗakinta ce, kamar yadda namiji yake da ubangida. Uwargida kaɗai aka raɓa wa kalmar gida, har ana yi mata kirari da ran gida, amma ita ma sunan ya fi fitowa ne ranar da aka yi mata amarya.

Saboda haka mace gida biyu gare ta a bakin mutane, kuma ba wanda ake kira da sunanta a ciki. Akwai gidansu, akwai gidan mijinta. In ta ce "zan je gida", gidan ubanta take nufi, ko da ta shekara 30 da aure. Haihuwar fari can take tafiya wankan gida. In ta yi yaji, can ta nufa. In aka sake ta, a ce ta koma gida.

Wannan na ƙarshe shi ne yake ci mini rai, don a nan al'ada ta yi hannun riga da Littafin da muke karantawa. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matan da aka saki daga gidajen a lokacin idda, ta hana su ma su fita, kuma ga matan ta jingina gidajen, nasu ta kira su. Mu kuwa abin da muka saba gani shi ne takarda da hantsi, akwati a ka kafin la'asar, wani lokaci da goyo a baya. Matar da ta share tsakar gidan nan shekara da shekaru, ta san inda kowane ɗigon ruwa yake zuba da damina, sai ta wayi gari ba ta da hurumin kwana ɗaya a ciki. In kuma mutuwa ce ta raba, tumunin takaba ne rabonta idan mamacin ya bar 'ya'ya, kashi ɗaya cikin takwas, a raba tsakanin matan in sun fi ɗaya. Wannan hakki ne da shari'a ta yanka, ba a jayayya da shi. Abin tambaya shi ne sau nawa yake isa hannunta a kan lokaci, da kuma inda za ta zauna kafin a gama lissafi. Ina ganin in malamai suka dage da karanta wa mutane waccan aya a wurin ɗaurin aure kamar yadda ake dagewa a kan sadaki, da "gidana ne, fita" ta rage ƙarfi a bakin maza.

Maigida a gona, a kasuwa, a siyasa

Maigidan dā ba mai ɗakin kwana kawai ba ne. Shi ne shugaban gandu. 'Ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, gonarsa suke nomawa, shi kuma ya ciyar da su daga rumbu, ya yi musu aure, ya biya musu haraji, ya yanka wa kowa gayauna da zai noma don kansa. Mai unguwa in ya zo karɓar haraji maigida yake nema, har zuwa 1979 da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ranar da maigida ya rasu akan ga ko gidan zai tsaya: ko babban wa ya riƙe gandun, ko kowa ya ja gonarsa, a fasa katanga a fitar da sabuwar ƙofa. Fitar da ƙofa ba ƙaramar magana ba ce. Sanarwa ce cewa gida ɗaya ya zama biyu.

Fatake sun ɗauki kalmar maigida sun tafi da ita kudu. A Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, maigida shi ne mutumin da mai shanu ko mai goro yake sauka a wurinsa. Ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa, ya ajiye masa kuɗi, sannan ya tsaya masa a kan bashin da mahautan Yarabawa za su ɗauka, in ba su biya ba a wuyansa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969, kuma irinsa ake yi a kasuwar shanu ta Kumasi. Bafatake zai miƙa dukiyar shekara guda ga mutumin da ba ɗan'uwansa ba, ba takarda ba sa hannu, don kawai ya kwana a ƙarƙashin rufinsa ya ci tuwonsa. Wanda ya saukar da kai ya zama maigidanka, kuma cin amanar baƙo abin kunya ne da yake kashe kasuwar mutum gaba ɗaya. Can ƙasar Gana kuwa wata kalma ce ta yi tafiyar da ba a zata ba. Zango wurin yada kaya ne na kwana ɗaya ko biyu kafin ayari ya tashi. Yau zangon Kumasi da Sabon Zango na Ankara unguwanni ne da aka haifi kakanni a cikinsu, amma sunan masauki bai bar su ba.

Akwai kuma ubangida, da yaron gida, da ɗan gida. Yaron da ya yi wa attajiri hidima shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jari, wani lokaci har da aure. Alaƙa ce mai nauyi a kan kowane ɓangare. Da siyasa ta ari kalmar sai ta riƙe biyayyar ta yar da nauyin. Ubangidan siyasa yana son a yi masa abin da ake yi wa maigida, amma kaɗan ne daga cikinsu suke sallamar yaransu da abin da zai tsayar da su da ƙafafunsu.

Ɗan gidan wa?

In aka zo neman aure, tambayar farko ita ce "Ɗan gidan wa ne?" Ba lambar gida ake so a ji ba. Asali ake tambaya, da hali, da sana'ar da aka gada: gidan malamai, gidan maƙera, gidan wanzamai, gidan sarauta. A ce wane ɗan babban gida ne, alhali ginin da aka haife shi a ciki bai fi ɗaki uku ba.

A sarauta wannan ma'ana ta fi fitowa fili. Zazzau gidaje huɗu ne suke gadon sarautarta tun bayan jihadi: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Da Sarki Shehu Idris na gidan Katsinawa ya rasu a watan Satumba na 2020 bayan shekara 45 a kan karaga, aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli a watan Oktoba, maganar da ta cika gari ita ce sarauta ta koma gidan Mallawa bayan kimanin shekara 100, tun zamanin Sarki Aliyu Ɗansidi. A Kano ana cewa gidan Dabo, ana nufin zuriyar Sarki Ibrahim Dabo da ya hau a 1819. Amma fadar da suke zaune a ciki sunanta Gidan Rumfa, da sunan Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sarautar Haɓe ta wuce, ta Fulani ta zo, Turawa sun zo sun tafi, ginin bai canza suna ba. Haka Gidan Korau a Katsina. A fadar Kano ma'anoni biyu suke zaune tare: zuriyar Dabo a cikin ginin Rumfa, kowanne gida.

Taswirar ƙasar Hausa ma cike take da wannan. Gidan Madi a jihar Sakkwato, Gidan Rumji a jihar Maraɗi, Gidan Idar a jihar Tawa, da Sabon Gida barkatai. Irin wannan suna yakan nuna yadda gari yake farawa: mutum ɗaya ya sari daji ya kafa danga, 'yan'uwa da baƙi su raɓu da shi, har a wayi gari ana cin kasuwa.

Duk da haka Bahaushe bai yabi wanda ya liƙe a gida ba. Wanda bai fita ya ga yadda ake yi ba, bagidaje ake ce masa. Amma wanda ya fita ya ƙi waiwaye ma akwai tasa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In kuma ya samu ya fara rabo a waje, a tuna masa cewa gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Da zamani ya kawo abubuwan da ba mu da sunansu, wannan kalma aka fi jawowa. Gidan waya, gidan rediyo, gidan jarida, gidan mai, gidan burodi, gidan kallo, gidan marayu. Ta sauko har kan ƙananan kaya, gidan sauro da gidan ashana. Ramukan dara gidaje ne. In jam'iyya ta dare a ce ta rabu gida biyu, in za a yi rabo a ce a kasa shi gida uku. Ma'aikatar da take kula da lamuran ƙasa ta cikin gida ce, mai karanta labarai daga Landan ko Bon kuma ya ce "a gida Najeriya". Wanda ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya. Duk abin da yake da mazauni nasa na kansa, inda in an neme shi za a same shi, Bahaushe ya ba shi gida.

Waɗanda aka raba da gidajensu

A 'yan shekarun nan wasu kalmomi sun yi yawa a labarai: matsuguni, muhalli, sansani. "Ambaliya ta raba dubban mutane da matsugunansu." "Sun rasa muhallansu." Mun ji su da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, muna kuma jin su kullum a kan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato. Kalmomin Hausa ne, ba laifi a cikinsu. Amma matsuguni wurin tsugunawa ne, kuma mutumin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu ba wurin tsugunawa ya rasa ba. Ya bar rumbu da hatsin shekara, ya bar gonar gado, da rijiyar da kakansa ya haƙa, da maƙwabcin da zai ranta masa tiya biyu har kaka, da maƙabartar da iyayensa suke. Ya bar matsayinsa ma, don jiya maigida ne da ake sallama da shi, yau suna ne a takardar rabon tallafi. In muka ce matsuguni ya rasa, tanti da bargo sun biya shi. In muka ce gida ya rasa, kowa ya san bashin ya fi haka. Shi ya sa nake ganin ya kamata 'yan jarida su riƙa kiran abin da sunansa.

Abin lura kuma shi ne wanda ya ɗauki nauyin waɗannan bayin Allah. A lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri ba a sansani suka zauna ba, a cikin gari suka watsu, a gidajen dangi da na waɗanda ba dangi ba. Da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi a 2019, ƙauyukan yankin Gidan Rumji ne suka fara buɗe musu ƙofa kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Tsohon tsarin nan na zaure da ɗakin baƙo da ƙarin hannu a kwano shi ya tare ambaliyar mutane. Waɗanda ba su sami mai saukar da su ba, a tasha da makarantu da gine-ginen da ba a ƙarasa ba suke kwana.

Daga zaure zuwa get

Tsarin da ya yi wannan aiki shi ne yake ƙanƙancewa a idonmu, kuma dalilan a bayyane suke. Fili ya yi tsada. Fulotin da magidanci yake iya saya a bayan gari, sau da yawa awon igiya, bai wuce ƙafa 50 tsawo 50 faɗi ba, wani ma rabin haka. In ya fitar da ɗakuna da kicin da banɗaki, ɗan abin da ya rage a gaba shago yake yi da shi don ya sami na cefane. A tsofaffin unguwanni ma soraye nawa aka fasa aka sa musu ƙofar ƙarfe aka ba mai kanti haya? Mai kuɗi kuwa get yake sawa da maigadi, baƙo ya tsaya a rana ana buga waya. Wanda aka yarda da shi a kai shi falo, wanda ba a sani ba ya koma. Falo na wanda aka gayyata ne. Wanda ba a gayyata ba, almajiri da matafiyi da maƙwabcin da yunwa ta koro, ba shi da wuri a sabon zane.

Ga kuma gidan haya, inda iyali biyar ko shida da ba su haɗa komai ba suke bin ƙofa ɗaya, kowa da ciki da falonsa, ana layin banɗaki da safe. A nan akwai mai gida, wato mai karɓar kuɗin haya ta hannun dillali, amma babu maigida. In yaro ya yi ba daidai ba, ba wanda yake da bakin tsawata masa sai ubansa. Ma'aikatan rigakafin shan inna da suke bi gida-gida suna rubutu da alli a jikin bango sun san wannan matsala, don ƙofa ɗaya ba ta ƙara nufin mutum ɗaya da za a nemi izininsa.

Sai gidan gado. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya 20 da gida ɗaya a cikin birni. In aka raba, wani rabonsa bai kai faɗin tabarma ba, sai a ce a sayar a raba kuɗi. Ɗan kasuwa ya saya ya rushe ya yi shaguna, zuriyar kuma ta watse, wasu Rijiyar Zaki, wasu Ɗanbare, wasu haya. Kowa ya karɓi hakkinsa, ba a zalunci kowa ba. Amma ranar salla ba inda za a taru, kuma jikokin da za a tambaya "ɗan gidan wa?" sai dai su faɗi suna, ba ƙofar da za su nuna. Iyalan da suka yi dabara sukan bar mai ƙarfi a cikinsu ya sayi rabon sauran a hankali, ko su yarda a bar sashen tsohuwa da soro ba a taɓa ba muddin tana raye. Wannan shawara tun maigida yana da rai ya kamata a yi ta.

Ba na cewa a koma ginin ƙasa da jinka, kuma na san gidan yawa yana da nasa ciwon: gulma, faɗan kishiyoyin sauri, da danniyar babba a kan ƙarami, waɗanda suka sa matasa da yawa suke ɗokin fita su kama nasu. Abin da nake cewa shi ne har yanzu mutane suna son abin da zaure yake yi musu, kuma hujjar tana nan a rukunin gidajen da gwamnatoci suka gina, tun daga na zamanin Shagari tsakanin 1979 da 1983 har zuwa na baya-bayan nan. An zana su da falo yana kallon titi, ba katanga, ba tsakar gida. Duk Bahaushen da ya sami ɗaya, abin da yake fara yi shi ne ya kewaye shi da bulo don iyalinsa su sami inda za su sha iska. Da ya sami sarari sai ya fitar da ɗan ɗaki a bakin ƙofa, ya shimfiɗa tabarma ko ya sa benci, a nan yake ganin baƙinsa. Sau biyu yake biyan kuɗin gini, na farko ga wanda ya zana masa abin da bai dace da zamansa ba, na biyu ga birkilan da zai gyara. Muna da sassan koyar da zanen gine-gine a Zariya da Kano, da ɗalibai da aka haifa a gidaje masu soro. Ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu da ba sa kallon juna zai shiga fuloti mai ƙafa 50, in an sa shi a zanen tun farko.